DARASI: Yadda Ake Jan Matacciyar Mota Zuwa Gida Idan Babu Janwe

 A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar ciwon huhu da farashin kara, mu ɗauki maganar mota. Wasu daga cikin matasanmu ne suka roƙa, bayan sun ga yadda ake jan motoci a hanyar Ngong da ta Fitowa kamar ana jan akuya zuwa mahauta. Mu dai ba makanikai ba ne. Abin da za mu faɗa, wani a bakin tsofaffin direbobi muka ji shi, wani kuma sai da muka sha wuya muka gane shi.

Kowa ya san irin motocin da muke zuwa kara da su. Peugeot 504, wadda muke ce wa Fijo, tun 1968 aka fito da ita a Faransa. Kamfanin Peugeot na Kaduna kuma ya fara harhaɗa motoci a 1975, shi ya sa ita da kayan gyaranta suka cika wannan yanki namu. Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, kuɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, sabuwar mota ta gagari yawancinmu. Aka koma lallaɓa tsofaffi da sayen na gwanjo da ake saukewa a Duwala. Tsohuwar mota kuwa ba ta sallama in za ta mutu. Ga mu kullum a hanya: Lahadi Fitowa, Litinin Ngong, Alhamis Adumri. Janwe sai a babban gari, kafin ya iske ka a daji rana ta faɗi. Saboda haka jan mota da kanmu abu ne da ba makawa, sai dai a san yadda ake yinsa.

ABIN DA YA SAME MU A 1997

Wata Litinin ce cikin watan Afrilu na 1997. Mun sayar da bijimai goma sha ɗaya a Ngong, kuɗin suna ɗaure a ƙugun mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Bayan la'asar muka kamo hanyar Garwa a tsohuwar a-kori-kurarsa, 504. Ba mu yi nisa ba fambel ya tsinke ba mu ankara ba, lagireto ya tafasa, inji ya kama, mota ta mutu murus. Lokacin kuwa zamanin zargina ne, masu tare hanya, kuma ba wanda suke nema kamar falken shanu ranar kasuwa.

Muna cikin wannan hali sai ga wani Alhaji, abokin cinikin Baba, a Hilux ɗinsa. Ya tsaya ya ce, "Haba Alhaji, ai ba a bar ka nan ba da kuɗi a jiki. Yara, ku kawo igiya." Igiyar da ke hannunmu ta kayar da sa ce. Muka ɗaura ta a bambar motarmu, ɗaya kan kuma a ta Alhaji. Baba ya shiga gaban Hilux, ƙanenmu ya haye bayanta ya zauna ya saki ƙafafu waje. Baba ya dube mu ya ce, "Kai ne babba, riƙe sitiyari."

Tafiya ta yi daɗi har muka wuce Sangere. Alhaji yana sauri saboda magariba, allura ta kusa 60. Wajen Bokle sai garke ya ratso titi. Alhaji ya taka birki. Mu ma muka taka namu, sai muka ji kamar dutse muka taka. Muka sake dannawa, mota ba ta san ana yi ba. Muka daki bayan Hilux. Abin da muka ji kawai shi ne, "Wayyo Yaya, ƙafata!" Ƙafar ta karye wuri biyu. Wata huɗu yana kwance, yau ga shi da 'ya'ya manya amma har yanzu yana ɗingishi. Kuɗin bijimai uku suka tafi a jinya da gyaran motoci biyu.

A wannan tafiya kaɗai mun yi kuskure biyar: igiyar da ba ta dace ba, ɗauri a bamba, mutum a tsakanin motoci, gudu, da rashin sanin halin birki idan inji ya mutu. To, bari mu bi su daki-daki.

NA FARKO: TAMBAYOYI HUƊU KAFIN A TAƁA IGIYA

Tambaya ta ɗaya, birkin matacciyar motar yana kamawa? In ba ya kamawa, maganar igiya ta ƙare. Sai sandar ƙarfe, ko a ɗora ta a kan babbar mota.

Ta biyu, sitiyari da tayoyi lafiya suke? Motar da ta faɗa rami ƙafarta ta karye ko ta karkace, ba a janta ko da taku goma.

Ta uku, wace irin giya ce? Mai giyar hannu, a sa ta a firi a ja. Mai canza giya da kanta kuwa, inji ne ke juya famfon da ke zagaya da mai a cikin giyarta. In inji ya mutu aka ja ta da nisa, ƙarafan ciki za su yi ta gugar juna a bushe, ka je gyaran fambel ka dawo da sayen giya sukutum. A duba littafin motar. In ba a da shi, to a ɗauke ta ɗauka. Haka kuma motocin yanzu da ake tayarwa da danna maɓalli, in batir ya mutu sitiyarinsu yakan ƙi buɗewa, su ma sai ɗauka. Mu 'yan kara muna da sauƙi guda a nan: babbar motar da ta sauke shanu za ta koma fanko, in jikinta ya dace ana iya shiryawa da direbanta a tura mataccciyar ciki ta wurin da ake loda shanu.

Ta huɗu, akwai sauran rana? Daga Ngong zuwa Garwa kamar kilomita 40 ne. A tafiyar ja, sa'a ɗaya da rabi ce zuwa biyu. A lissafa tun kafin a tashi.

NA BIYU: ABIN DA AKE JA DA SHI

Fijo 504 ba kaya tana da nauyin kamar tan ɗaya da kwata, wato kamar manyan bijimai uku a haɗe. Kun ga igiyar da aka yi don sa guda ba za ta riƙe ta ba, balle idan aka fizga. A nemi igiyar da za ta ɗauki ninkin nauyin motar, irin faffaɗar igiyar nan da manyan motoci ke ɗaure kaya da ita, ko sarƙa mai kauri. Tsawonta tsakanin motocin biyu ya zama mita 4 zuwa 5. In ta gaza haka, na baya ba shi da filin taka birki. In ta fi haka, ɗan acaɓa zai ga fili ya kutsa tsakani, igiya ta tsinke masa wuya. Don haka a ɗaura jan ƙyalle a tsakiyarta yadda kowa zai gani.

Sarƙa ba ta miƙewa, duk fizgar da aka yi a jikin mota take sauka. Dabarar tsofaffin direbobi ita ce a raba ta biyu a sa tsohuwar taya a tsakiya, tayar ta riƙa shanye fizgar. Wadda ta fi wannan kuma, a sami bututun ƙarfe mai kauri, kamar mita biyu, a zura sarƙar ta cikinsa a ɗaure kowane kai tamau. Ya zama sanda ke nan, motar baya ba za ta iya cim ma ta gaba ba. Duk mai zirga-zirgar kara ya kamata a ce yana da wannan bututu a bayan motarsa, don kuɗinsa bai kai na ɗan akuya ba.

Sa'annan motar da za ta ja ta fi wadda ake ja nauyi. Maraƙi ba ya jan bijimi. A kwashe kaya da mutane daga motar baya, a bar direba shi kaɗai. Bayan a-kori-kurar gaba kuma kada kowa ya zauna, ko yaro ko babba.

NA UKU: INDA AKE ƊAURAWA

Mu da muke kama shanu mun san ba a ɗaure sa a kunne. Haka mota. Bamba ado ce, tana ɓallewa. Sandunan sitiyari da ke bayan tayoyin gaba, in aka ɗaura a nan za su lanƙwashe, mota ta daina jin juyi. A durƙusa a leƙa ƙarƙashi, za a ga zoben ƙarfe da aka yi musamman don ja, gaba da baya. Wasu motocin na yanzu zoben yana ajiye tare da jak, ɗaura shi ake yi a wani rami da ke jikin bamba. In babu zobe, a zagaya da igiyar a jikin babban ƙarfen da gangar motar ke zaune a kansa, a sa tsumma ko guntun taya inda yake da kaifi, a kuma tabbata ba ta danne siririn bututun man birki ba.

Kada a yi zarge irin na kama saniya, don yana ƙara shaƙewa ne, in an isa sai da wuƙa. A yi ƙullin da ba ya gudu. Lokacin da za a fara ja kowa ya matsa nesa. Igiya ko ƙugiyar da ta tsinke tana dawowa da ƙarfin da zai fasa gilashi, balle kan mutum. Yana da kyau a yafa buhu ko bargo mai nauyi a kan igiyar, in ta tsinke ya kwantar da ita ƙasa.

NA HUƊU: SHIRIN DIREBAN BAYA

A nan ne muka faɗi, don haka a saurara da kyau. A cikin gidan inji, daidai saitin inda direba ke taka birki, akwai wata baƙar tukunya. Ita ce ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi, kuma da zuƙar iskar inji take aiki. In inji ya mutu, abin da ya rage a cikinta na taki biyu ne ko uku, daga nan birki ya yi tauri. Birkin yana nan bai lalace ba, amma sai an tsaya a kansa da ƙarfi sosai. Saboda haka tun mota tana tsaye a taka shi sau biyar ko shida, ƙafa ta san nauyin da za ta tarar. Motar da sitiyarinta ke aiki da mai, shi ma zai yi nauyi, a riƙe shi da hannu biyu.

A murɗa makulli har sitiyari ya buɗe, kuma kada a zare shi sai an isa. In aka zare, kwanar farko sitiyari zai kulle, mota ta bi inda ta ga dama. A tsofaffin motoci irin su Fijo, barin makulli a kunne inji ba ya aiki yana iya ƙona koyil, don haka a cire wayar da ke kai masa wuta. A sa giya a firi, a saki birkin hannu, a kunna fitilun haɗari in batir yana da rai.

Wanda zai zauna a baya ya zama shi ne ya fi ƙwarewa a cikin direbobin biyu, mai lasin, mai sanyin zuciya. Mutane sun saba miƙa wa karen mota, suna cewa ai ja ake yi. Wannan kuskure ne babba, aikin baya ya fi na gaba wuya.

Kafin a tashi a yi magana a ƙare: ham ɗaya a rage gudu, ham mai tsawo a tsaya. Yanzu da Allah ya kawo wayar hannu, a kira juna a bar layin a buɗe, wani ya zauna kusa da direban gaba yana riƙe da ita yana waiwaye.

NA BIYAR: YADDA AKE TAFIYA

Ga ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 30 a sa'a tana cin mita 8 da 'yan kai a daƙiƙa guda. Mai gudun 60 tana cin kusan mita 17. Igiyarka kuwa mita 5 ce. Mutum kafin ya ga abu ya ɗaga ƙafa ya taka birki, kusan daƙiƙa guda ta wuce. Bayan haka, in gudu ya ninka, nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita yana ninkawa sau huɗu ne. Kun ga ranar Bokle ko birkinmu lafiya yake da wuya mu tsira. Don haka a kan kwalta kada a wuce 25 zuwa 30, a hanyar ƙasa kuma 15 zuwa 20. Sannu ba ta hana zuwa.

Na gaba ya tashi da giya ta ɗaya, ya saki kuloci a hankali har igiya ta miƙe, sa'annan ya ƙara wuta. Ƙa'idar tafiyar duka guda ce: igiya ta zauna a miƙe. Na gaba shi ne inji, na baya shi ne birki. In za a tsaya, na gaba ya fito da hannu tun da nisa ya ɗaga ƙafa daga totur, na baya ya fara taka birki, shi ne zai tsayar da motocin biyu. In igiya ta yi sako-sako, na baya ya ɗan taɓa birki ta miƙe. Kada ya yarda ya taka ta, don tana iya naɗewa a taya ta tsinke bututun birki. A kwana, na gaba ya buɗe sosai, na baya ya bi sawunsa. Kada na baya ya jefa giya wai ko za ta tashi. In inji ya kama, tayoyi ne za su ƙame, igiya ta tsinke ko mota ta juya.

Bayan kilomita ɗaya a tsaya a duba ƙulli. Daga nan duk kilomita goma a sake dubawa, a kai hannu kusa da ƙarfen taya a ji ko birki ya yi zafi. Na gaba kuma ya sa ido a kan allurar zafi. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura 40, motar da ke jan wata tana saurin tafasa. A riƙe jarkar ruwa, kuma kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi.

NA SHIDA: INDA BA A JA KO AN MATSU

Gangaren dutsen nan da ke tsakanin Ngaundere da Mbe, ba a saukar da mota a kansa da igiya. Ngaundere tana sama da teku da kamar mita 1,100, Garwa kuwa kamar 200 ne, kuma babban rabon wannan sauka a wannan gangare yake. Mota mai rai da giya take sauka. Matacciya ba ta da abin riƙewa sai birki, shi kuma in ya yi zafi yakan daina kamawa gaba ɗaya.

Da damina, musamman Agusta da Satumba, ba a ratsa mayo da mota a ɗaure in ruwa yana gudu. Lokacin kwasar auduga kuma manyan motocin SODECOTON sun cika hanya, a manne dama a ba su wuri. In an zo gadar Binuwai za a shiga gari, nan ne cunkoson 'yan acaɓa yake, a koma tafiyar ƙafa.

Da dare kuwa ba a ja. In magariba ta kama ku, a tura motar gefe, a sa alamar haɗari mai kusurwa uku gaba da baya, taku talatin ko fiye, a ƙara da ganye kamar yadda aka saba. A je wa jauron ƙauyen da ke kusa a ba shi amanarta, a cire batir da takardu, mai kuɗi a jiki ya bi wata motar ya wuce gida. Da mun yi haka a 1997, da asararmu ba ta wuce ta inji ba. In an tashi ɗauke motar, a kwashe duwatsu da ganyen da aka zuba a titi. Barinsu zalunci ne ga mai zuwa a baya.

Game da jandarmomi, motar da ta mutu ba ta fita daga doka ba. A riƙe katin mota, inshora, takardar duba lafiyar mota da lasin direbobin biyu. In an iso shinge a tsaya tun da nisa, a yi bayani da ladabi.

NA BAKWAI: IN AN YI ƁARNA, WA ZAI BIYA?

Bayan haɗarinmu an so a sami saɓani. Wasu suka ce laifin Alhaji ne da ya yi gudu, wasu suka ce namu ne da muka daki motarsa, alhali taimako ya zo yi. Dattawan kara suka zauna da malaminmu na Islamiyya. Ya tuna mana hukuncin da muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid, cewa idan dabba ta taka wani abu ta lalata, lamuni yana hawa kan wanda ke janta, da wanda ke korarta, da wanda ke bisa kanta. Ya ce shi a ganinsa motar da ake ja ba ta da nisa da wannan, don mai ja da mai riƙe da sitiyari duk hannunsu yana ciki. Aka yi sulhu, kowa ya gyara motarsa, jinya aka raba biyu. Baba da Alhaji suka ci gaba da ciniki har Allah ya raba.

Darasin da ke nan shi ne a yi magana tun igiya tana hannu. Wa zai sayi mai? In kuloci ya ƙone, wa zai gyara? In an taɓa wani a hanya fa? Mu da ba ma sayen karsana sai an yanke la'ada a gaban shaidu, bai kamata mu ji kunyar wannan ba. Kuma kowa ya tambayi kamfanin inshorarsa ko yana biya idan haɗari ya auku ana cikin ja, ya sani tun yanzu.

Daga ƙarshe muna roƙon shugabannin rassa su karanta wa direbobi da yaran mota wannan darasi ranar kasuwa, a kuma fassara da Fulatanci ga waɗanda ba su jin Hausa sosai. Kowace mota a tanadar mata igiya mai ƙarfi, bututu, jan ƙyalle, fambel na ajiya da jarkar ruwa. In kuma an duba an ga ɗaya daga cikin tambayoyin nan huɗu ba ta da amsa mai kyau, a haƙura a biya janwe ko babbar mota. Kuɗinsu komai yawansa bai kai ƙafar ɗan'uwa ba.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a dukiyarmu, ya jiƙan magabatanmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.